Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firistoci, Katikis Da Dattawan Majami'un Katolika Masu Ibada Da Hausa

Ya ku iyayenmu cikin Ubangiji, su Fada da su Baba Katikis, tare da dattawan da ke riƙe da kwamitocin majami'unmu, salamar Almasihu ta kasance tare da ku. Ina gaisuwa da ban girma. Yaya aikin Ubangiji, yaya fama da mu? Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa.

Mai wannan wasiƙa ɗanku ne, tsohon malamin firamare, kuma ɗan katikis. Mahaifina ya shekara talatin da 'yan kai yana taka keke daga wannan ƙauye zuwa wancan, Littafi Mai Tsarki da 'yar ƙararrawa ɗaure a bayan sirdi, a zamanin da sai mu yi wata biyu ba mu ga fuskar Fada ba. A cikin wannan gida na buɗe ido, a cikinsa kuma nake fatan a yi mini addu'ar ƙarshe. Don haka ku ɗauki maganata a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 212, ya ba kowane mai bi dama, wani lokaci ma ya wajabta masa, ya gaya wa makiyayansa abin da yake gani ya shafi lafiyar Ikilisiya, muddin ya yi da ladabi. Da wannan dama na fake.

Damina biyu da suka wuce wata tsohuwa ta rasu a garinmu. Ba ta iya karatu ba, amma Rosari, carbin addu'armu, ba ya barin hannunta, kuma kowace Asabar da yamma za ka same ta duƙe da tsintsiya tana share majami'a, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Da gari ya waye 'ya'yanta suka je sanar da kwamiti. Sai aka ɗauko babban littafin nan mai baƙin bango, aka shiga bin layi da yatsa. Kuɗin gini na shekara biyu, ba ta biya ba. Kuɗin godiyar kaka, rabi ta bayar. Katinta na biyan kuɗin majami'a babu hatimi tun bara waccan. Aka ce sai an cike kafin a buga ƙararrawa, kafin Zumuntar Mata ta fito da anko, kafin a aika wa Fada. Babban ɗanta ya ja tunkiyarsa guda ɗaya, ranar ma ba ta kasuwa ba, ya sayar da ita a wulaƙance ga wanda ya san yana cikin matsi. Duk wannan gawa tana kwance a ɗaki, mata suna ta yi mata fifita. In faɗi gaskiya don Allah, da Fada ya iso ya ji abin da aka yi, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya sa aka mayar da kuɗin nan take. Amma tunkiya ta riga ta tafi. A bakin kabari kuma na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa ƙasa-ƙasa: "Ka gani ko? Kai dai biya katinka kawai. Ko ba ka zuwa, ranar taka za a yi maka komai."

Maganar nan ta hana ni barci kwana da kwanaki. Yaron bai yi saɓo ba. Darasin da muka koya masa ne ya maimaita, da jarrabawa ce kuwa da ya ci. Kun fi ni sanin doka ta 848, wadda ta ce kada talauci ya hana mabuƙaci sakramenti, da ta 1181, wadda ta hana nuna fifiko wajen jana'iza, ta kuma ce kada a hana matalauci jana'izar da ta dace. Ni ma na san doka ta 222 ta ɗora mana nauyin ɗaukar buƙatun Ikilisiya. Kwanon rufi ba ya saukowa daga sama, babur ɗin Fada kuma ba da ruwan albarka yake tafiya ba. Sai dai Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, gama mai bayarwa da fara'a Allah yake ƙauna. Marigayi Fafaroma Francis kuwa, a gargaɗin da ya fitar a 2013, cewa ya yi Ikilisiya ba ofishin kwastan ba ce, gidan Uba ce.

Amma ba kuɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ke cin raina shi ne kamannin Allah da muke dasa wa yaranmu a zuciya: mai karɓar haraji, mai littafi da hatimi, wanda ake biyansa a rabu lafiya.

Kowane manomi a cikinmu ya san akuyar damina. Da zarar shuka ta fito sai a kafa turke a ɗaure ta, a riƙa yanko mata ciyawa. Wata huɗu cur ba za ta taɓa dawar kowa ba. Akwai wanda zai yabe ta da kirki saboda haka? Ranar da igiya ta tsinke ake sanin halinta. Ina tsoron da yawa daga cikinmu Kiristocin turke ne. Tara ce ke kawo mu taron Zumunta, tsoron bencin baya, inda ake zaunar da masu laifi, shi ne ke hana mu abin kunya, idon katikis ne ke sa mu durƙusa. Katikisman Ikilisiyar Katolika, babban littafin koyarwarmu, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, ya kawo a sakin layi na 1828 wata magana ta Waliyyi Basil, bishop na ƙarni na 4. Ya ce wanda ya guje wa mugunta don tsoron horo yana matsayin bawa, wanda ya bi don kwaɗayin lada ya zama ɗan ƙodago, wanda kuwa ya yi biyayya don nagartar abin da ƙaunar mai umarnin, shi ne ɗa. Ba na raina tsoro. Ikilisiya ta yarda tuban da tsoron hukunci ya haifa ma baiwa ce daga Allah, kuma da shi mutum yakan fara. Amma a ce mutum ya yi furfura yana nan inda ya fara? Mun saba wa'azi a kan ɗan nan da ya kwashi gadonsa ya shiga duniya, a Luka sura ta 15. Wansa fa, wanda bai taɓa barin gida ba? Ku saurari abin da ya fito daga bakinsa ranar biki: shekara da shekaru ina yi maka bauta, ban taɓa ƙetare umarninka ba, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Yana kwana a ɗakin ɗa, yana lissafi irin na bara. Shi ne ya ƙi shiga gida, har sai da uban ya fito yana lallashinsa. Irinsa sun fi ƙanen yawa a bencinmu na gaba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko in dubi nawa. Na koyar da ajin katikisma na ranar Asabar shekaru da dama, kuma da dorina nake shiga. "Wa ya yi ka?" Yara su amsa da ƙarfi, "Allah ne ya yi ni!" "Don me Allah ya yi ka?" "Don in san shi, in ƙaunace shi, in bauta masa…" Wanda ya yi tuntuɓe a kan "in ƙaunace shi" sai ya miƙo hannu ya sha biyu. Ban taɓa ganin abin dariya ko abin kuka a cikin haka ba sai da na tsufa. A gidana kuma doka ce, wanda bai je Mas ba babu tuwon rana. Ɗana na fari ya yi hidimar bagade tun yana ɗan shekara tara, bai taɓa fashin Lahadi ba, mutane suna nuna shi suna cewa ga ɗan malam. Da ya tafi jami'a a birni, sai labari ya iso mini cewa ya fi shekara bai taka majami'a ba. Na jira ya zo hutu, na tsare shi a zaure bayan cin abincin dare, na buɗe masa wuta. Ya bar ni na gama tas, kansa a sunkuye, yana wasa da bakin tabarma. Sa'an nan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ban taɓa zuwa coci ba. Kai ne kake kai ni."

Na rasa abin cewa. Shekara goma sha tara ina yanko wa yaro ciyawa a turke, ban taɓa nuna masa hanyar makiyaya ba.

Bayan wannan dare ne na koma karatu, na kuma tarar abin da nake nema yana cikin gidanmu tun fil azal. Littafi Mai Tsarkin da mahaifina ya bari tsohuwar fassarar Hausa ce ta 1932, wadda babu Littafin Sirak a cikinta, shi ya sa na girma ban san sura ta 15 ba. A can aka ce tun farko Allah ya yi mutum, ya bar shi a hannun shawarar kansa. Ya ajiye wuta da ruwa a gabanka, ka miƙa hannu ga wanda ka ga dama. Rai da mutuwa suna gaban mutum, wanda ya zaɓa shi za a ba shi. Da wannan aya Katikisma ya buɗe koyarwarsa a kan 'yanci, a sakin layi na 1730. Na bi Linjila kuma ina neman inda Yesu ya tilasta wa wani, ban samu ba. Saurayin nan mai dukiya ya zo da gudu ya durƙusa, Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, amma da ya juya ya tafi da baƙin ciki, ba a aika Bitrus ya kamo shi ba. A Yohanna sura ta 6, da almajirai da yawa suka janye saboda maganar cin jikinsa da shan jininsa, bai sassauta maganar ba, bai kuma kulle ƙofa ba. Juyowa ya yi ga sha biyun ya ce, ku ma kuna so ku tafi ne? Mu da muke gaida Maryamu sau hamsin a Rosari ɗaya, ya kamata mu fi kowa sanin cewa mala'ika bai bar ɗakin nan na Nazarat ba sai da budurwar ta ce, bari ya zama mini bisa ga maganarka.

Kada wani ya ce malam ya tsufa ya fara koyar da cewa mutum shi ke ceton kansa. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, bishop na Hippo wadda yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙare rayuwarsa a 430 yana jayayya da masu wannan ra'ayi. Duk da haka shi ne ya ce Allah da ya halicce mu ba da saninmu ba, bai so ya cece mu ba tare da mu ba. Majalisar Tirento, babban taron bishop-bishop, ta maimaita haka a 1547: ba tare da alherin Allah ba mutum ba ya iya ɗaga ƙafa zuwa ga adalci, amma alherin nan mutum yana iya ƙin sa. Allah ne ke fara ƙwanƙwasa ƙofa, sakatar kuwa ta ciki take. Majalisar Batikan ta Biyu, ranar 7 ga Disamba 1965, ta fitar da sanarwa cewa ba a tilasta wa kowa bangaskiya, doka ta 748 kuma ta haramta wa kowa tursasa wani ya karɓi addinin Katolika ba da yardar lamirinsa ba. Muna jin daɗin kawo wannan hujja idan mu ake matsa wa a gari ko a wurin aiki. Daidai ne. Amma in ta yi aiki a ƙofar gida, ai ya kamata ta yi aiki a tsakar gida.

Akwai wata waliyya da nake so a riƙa ba yaranmu labarinta, musamman mata. Josefin Bakhita 'yar Darfur ce. An sace ta tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Khartum, aka tafi da ita Italiya a 1885, ta zama mai reno a wani gida. Uwar gidan ta ajiye ta na ɗan lokaci wurin sistoci a birnin Benis, da ta dawo ɗaukarta su koma Sudan sai Bakhita ta ce ba za ta je ba.  Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Ranar 9 ga Janairu 1890 ta karɓi baftisma, a 1896 ta ɗauki alkawarin zama sista, alkawarin da biyayya ke cikinsa, ta rayu a kansa har 1947. Ku lura da yadda abin ya jeru. Sai da aka kwance ta tukuna, sa'an nan ta miƙa wuya da kanta. Da an yi mata baftisma tana baiwa bisa umarnin uwargijiyarta, da wani labari ne daban.

Kakanninmu ma haka suka shigo. Tun daga lokacin da 'yan mishan suka sauka a Shendam, cikin Jihar Filato ta yau, a 1907 har bishara ta kai ƙauyukan Maguzawa, babu wanda aka ja da igiya. Mutum ya san zai rasa wurin zama a taron dangi, wataƙila a hana shi mata, ya dai je ya zauna a gindin bishiya yana koyon addu'a. Mu jikokinsu a ciki aka haife mu, kuma ba a taɓa tambayarmu ba. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika. Ikilisiyar da ta haifi bishop ta wuce a riƙa yi wa 'ya'yanta riƙon 'yan raino.

To, kada ku ɗauka duk laifin na jibga muku. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan benci igiyar nan tana mana daɗi, domin wanda ke ɗaure ba a tambayarsa inda ya nufa. Mutum ya sha burkutu ya yi tatil, ya hau babur ya kaɗe yarinya, sai ka ji ana "ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta." Magidanci ya yi wa 'yar riƙonsa ciki, a zauna sulhu, ya sunkuyar da kai ya ce "aikin Shaiɗan ne." Mai awo ta bubbuge gindin mudu ya shige ciki, ranar Lahadi ta fi kowa rawa wajen kai baiko. Ranar zaɓe a karɓi taliya da turmin atamfa, sai a shekara huɗu ana addu'ar Allah ya ba mu shugabanni nagari. Idan kuma an matsa wa mutum da tambaya, amsarsa a shirye take: "Ai Fada bai hana ba," ko "Ai katikis ne ya ce." Tsohuwar sana'a ce. Adamu ya ce matar da ka ba ni ce, Hauwa'u ta ce maciji ne. Ba na musun ikon Allah a kan ruwan sama da ciwo da ajali. Amma Sirak ɗin nan da na ambata ya ce kada ka ce Ubangiji ne ya sa na kauce, Katikisma kuma a sakin layi na 1037 ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba. Sarki Dauda, da annabi Natan ya nuna shi da yatsa a kan matar Uriya, yana da dakaru da fadawa da hujjoji, amma abin da ya ce kawai shi ne, na yi wa Ubangiji zunubi.

Kowace Lahadi a farkon Mas muna bugun ƙirji sau uku muna cewa laifina ne, laifina ne, babban laifina ne. Akuya ba ta iya faɗin wannan kalma. Bawa ma in ya faɗa, bakinsa ne kawai, don a sassauta masa bulala. Wanda ya san da hannunsa ya miƙa ga wuta alhali ga ruwa a ajiye, shi ne yake faɗinta da gaske. Shi ya sa nake ganin duk lokacin da kuka rage mana 'yanci, kun rage mana alhaki ke nan ba ku sani ba, kun kuma sauƙaƙa mana ɓuya. A tuna mana kuma cewa furta zunubi ba ya ƙarewa da "Ubanmu" ɗaya da "A gaishe ki Maryamu" uku. Sakin layi na 1459 ya ce a mayar da abin da aka sata, a gyara sunan wanda aka ɓata, a biya diyyar raunin da aka yi. Mai mudu ta je ta sayi sabon mudu. Wanda ya ture iyakar gona ya mayar da dutse inda yake.

Ga samarinmu kuma da suka tsinci kalmar 'yanci a waya, suna cewa "ni dai zuciyata ba ta ba ni laifi ba, tsakanina da Allahna ne," su ma a gaya musu gaskiya. Lamiri ba son rai ba ne. Kamar sikeli yake, sai an daidaita shi kafin a yarda da awonsa, kuma wanda ya ƙi neman sanin gaskiya da gangan, jahilcinsa ma laifinsa ne. Lamirin da kullum izini yake ba ka a kan abin da ranka ke so, akwai alamar tambaya a kansa. Samarin fadar Sarki Mwanga na Buganda, a ƙasar Uganda ta yau, su Charles Lwanga, lamirinsu ne ya sa suka ce wa sarki a'a, aka ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. Irin wannan lamiri ba a tsintarsa, rainonsa ake yi, kuma aikinku ke nan. Fafaroma Francis ya faɗa muku a takardarsa ta 2016 a kan iyali cewa an kira ku ku horar da lamiri, ba ku maye gurbinsa ba. Da zan koma ajin Asabar yau, da bayan hadda sai in ajiye littafi in ce: ka tsinci waya a kasuwa babu wanda ya gan ka, me za ka yi, kuma don me? Shanu sun cinye gonar babanka, samari sun taru da dare za su je ramuwa a kan rugar da ba a tabbatar ita ce ba, sun ce in ba ka zo ba kai mace ne, me za ka yi? In bar su su yi gardama, in ji inda tunaninsu ya karkace, in gyara da hujja.

Akwai kuma waɗanda muke ɗora wa alhakin da Allah bai ɗora musu ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Mun haddace cewa zunubi ba ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: abin ya zama babba, mutum ya san haka sarai, ya kuma yarda da gangan. Sakin layi na 1735 ya ƙara da cewa rashin sani, da tilas, da tsoro, da sabo, suna iya rage alhakin mutum ko su ɗauke shi gaba ɗaya. A wannan zamani da ake kwashe mutane a gona da kan hanya a shiga da su daji, wannan koyarwa ba ta malaman makarantar firistoci ba ce kaɗai. Na san matar da ta dawo bayan wata uku a hannun 'yan bindiga. Tun daga ranar take zama a bencin ƙarshe, lulluɓe da mayafi, ba ta tashi karɓar Jikin Almasihu. Babu wanda ya hana ta da baki. Kallo ne da raɗe-raɗi, da kuma shirun da aka yi a kan bagade. Agustin ɗin nan, bayan an ci birnin Roma da yaƙi a 410, ya zauna ya rubuta wa matan da aka keta wa haddi ta'aziyya, cewa tsarki ba ya zubewa inda zuciya ba ta yarda ba. Shekara dubu da ɗari shida ke nan. Ina roƙonku, Fada, ku faɗe shi da Hausa, da babbar murya, ranar Lahadi, ba a ofis ba: wadda aka yi wa fyaɗe ba ta yi zunubi ba, ita aka yi wa.

Haka batun aure. Doka ta 1057 ta ce yardar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure, kuma babu wani iko na ɗan adam da zai bayar da ita a madadinsu. Ta 1103 ta ce auren da aka shiga saboda tilas ko matsanancin tsoro ba aure ba ne. Amma sau nawa ake tambayar yarinya "kina so?" a gaban kawun da ya riga ya ci kuɗin gaisuwa? Me za ta ce? A fitar da kowa, a bar ta da Fada da wata dattijuwa da ta amince da ita, a ba ta lokaci. Yaron da ake turawa makarantar firistoci don uwarsa tana ɗokin a kira ta Maman Fada, shi ma a tambaye shi shi kaɗai.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, don sun riga sun faɗa mini a fuska: "Malam, ba ka san mutanenmu ba. Ka cire tara, ka cire kati, majami'a za ta zama kango, ginin nan kuma ba za a gama shi ba." Wataƙila baiko ya ragu na wani lokaci. Wataƙila wasu su daina zuwa. Amma waɗannan da ma gangar jikinsu ce kawai take zuwa, kuma birni yana kwance mana su ɗaya bayan ɗaya ko mun so ko mun ƙi, domin a can babu katikis da ya san gidan kowa. Ban ce a soke doka ba. Wajibin Mas na Lahadi yana nan, furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara yana nan tun Majalisar Lateran ta 1215, taimakon Ikilisiya gwargwadon ƙarfi yana nan. A faɗe su, a kuma faɗi dalilinsu. A riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi, ku ga ko hannu ba zai saki ba. Littafin kuɗi ya zauna a ofishin kwamiti, kada ya sake zuwa bakin kabari ko bakin randar baftisma.

Ɗan nawa yana aiki a birni yanzu, ya yi aure, yana da 'ya ɗaya. Na daina yi masa faɗa, uwarsa ce dai ba ta daina ambatonsa a Rosari ba. Ista da ta wuce ya zo gida. Daren Asabar muka shirya za mu tafi, ban ce masa komai ba, na dai bar fitila a zaure. Ana tsakiyar karatu na waiga, sai na hango shi can baya wajen ƙofa, a tsaye, 'yarsa tana barci a kafaɗarsa, kyandir a ɗaya hannun. Bai tashi karɓar Jikin Almasihu ba. Da muka dawo ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba, muka sha kunu muka kwanta. Yarinyar ba a yi mata baftisma ba tukuna. Ina jin wata rana zai shigo ofishin ɗayanku a can birni, yana sosa ƙeya, ya ce yana son magana da Fada. Ba shi da kati, wanda yake da shi tun na makarantar sakandare ne, kuma yana cikin akwatina. Don Allah a ba shi kujera tukuna.

Naku cikin Almasihu,
Wani tsohon malamin firamare, ɗan katikis.